Tun da Inna ta rasu aka sa wa ɗakin Auta kwaɗo

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Daura ce, aure ya kawo ni Katsina, ina koyarwa a firamare. Autanmu ya haura shekara 30. Sanƙarau ya kama shi yana ƙarami lokacin annobar 1996, ya tashi amma fahimtarshi ba ta koma daidai ba, kuma ya samu farfaɗiya. Yana magana kaɗan-kaɗan, yana cin abinci da hannunshi, ya san hanyar masallaci. Inna ke kula da shi har Allah ya yi mata rasuwa bara. Yanzu yana hannun Yayanmu da matarshi mai 'ya'ya 5, sai wani almajiri da ke mashi wanki da kai abinci. Da na je gida ƙarshen wata na iske shi a shagon zaure an sa kwaɗo ta waje. Ya rame, yana ta gyangyaɗi, miyau na zuba, ga shatin igiya a ƙafarshi. Yaya ya ce fita yake ya ɓace, sau 2 ana tsinto shi bakin titi, shi ya sa suke rufe shi, kuma wani mai kemis ya ba su ƙwayar da ke sa shi natsuwa. Kawu ya ce a kai shi gidan mari, Gwaggo ta ce a yi mashi aure. Auta na da gona da shago a gadonshi, Yaya ke amsar kuɗin. In na yi magana a ce ina zaune Katsina ina ba da umarni. Wallahi barci ya gagare ni. Ya zan yi ba tare da na ɓata zumunci ba?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ɗawainiyar da ta yi da Auta ta tarar da ita a mizani.

Zumunci kika tambaye ni, kuma zan zo kansa. Amma bari in fara da ƙwayar nan, domin ita ce ba za ta jira a gama taron dangi ba.

Na yi shekaru ina aikin jinya kafin in ajiye, kuma abin da kika zayyana na sha ganinsa: mutum yana zaune kansa na rinjaya, miyau na bin haɓa, jiki ya saki. Mutanen gida su ce alhamdulillahi ya natsu. Wannan ba natsuwa ba ce, an danne shi ne. Ƙwayoyin da aka fi miƙa wa mutane ta bayan kanta don irin wannan su ne Valium da Largactil, kuma kowanne yana da haɗarinsa ga mutum irin Auta. Wanda magani ya kashe wa jiki ba ya haɗiya da kyau. Loma ɗaya ta tuwo na iya shaƙe shi, ko kunu ya bi ta hanyar iska ya sauka huhu, bayan kwana biyu a ga zazzaɓi da tari a ce sanyi ne. Largactil kuma yana sa farfaɗiya ta fi saurin tashi. Shi Valium, in jiki ya saba da shi aka yanke rana ɗaya, yankewar kanta tana iya jawo faɗuwa mai tsanani. Don haka kada zuciya ta ɗebe ki ki kwashe ƙwayoyin ki zuba a masai. Ki tattara su duka da kwalayensu da ledojinsu, har da na gargajiya in akwai, ki sa a jaka, ki ɗauki Auta ku ga likita nan da 'yan kwanaki, a asibitin gwamnati a Daura ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina. Likita ne zai san abin da za a janye da yadda za a janye shi a hankali. In suka ga sai an ga masanin ƙwaƙwalwa, ga asibitin Dawanau a Kano, ba nisa ba ne.

Akwai tambayar da nake so ki yi tun kafin ku isa asibitin. Maganin farfaɗiyarsa fa, wa ke ba shi tun da Inna ta tafi? In dai fenobabiton ne ko Tegretol yake sha, ba a shan su yau a bari gobe. Ina tsoron kada ya zamana wanda ya kamata ya sha kullum an manta da shi, wanda bai kamata ya sha ba shi ake ɗura masa. Ki kuma roƙi a duba masa kunne. Annobar 1996 ɗin nan ta kashe fiye da mutum 11,000 a ƙasar nan, akasari a arewa, kuma da yawa daga waɗanda suka tsira ta bar su da raunin ji. Na ga mutanen da aka shekara ana cewa suna da taurin kai, ashe kiran ne ba ya isa gare su.

Ƙanenki ba mahaukaci ba ne, kuma ina so ki riƙe wannan da kyau don za ki buƙace shi gaban Kawu. Taɓin hankali ciwo ne da ke samun mutum, a yi magani, sau da yawa ya lafa. Abin da ke tare da Auta rauni ne da ciwo ya bari a ƙwaƙwalwa tun tana girma, ya sa koyo da fahimta suke masa nauyi. Babu ƙwayar da za ta mayar da shi kamar kowa, babu bulala, babu mari. Abin da ke gyara rayuwar irinsu shi ne sabo, da tsari iri ɗaya kullum, da mutumin da ya san su. Kuma mu daina cewa ai yaro ne. Magidanci ne da gemunsa, yana jin kunya, yana jin wulaƙanci, yana gane wanda ke sonsa ko da bai iya faɗa ba.

To me ya sa yake fita? Ruwa ba ya tsami banza. Shekara kusan 30 yana hannun Inna, a cikin wasiƙarki ban ji an taɓa tsinto shi bakin titi ba sai bayan ta rasu.

Ba na manta wani bawan Allah da aka taɓa kawo mana, ya kai shekara 40, hannayensa ɗaure da rawani. Danginsa suka ce wata 2 ke nan ya rikice, yana buga kansa da bango, yana cizon duk wanda ya matso, ya daina cin abinci. Sun yi rubutu, sun yi hayaƙi. Ina ƙoƙarin ba shi ruwa sai na lura yana karkata kansa gefe guda kafin ya kurɓa, yana kare kumatunsa na hagu da kafaɗa. Da ƙyar muka lallashe shi ya buɗe baki. Haƙorin ƙarshe ne ya ruɓe har dasashi ya yi ruwa. Aka ba shi magani, aka cire. Bayan mako guda ƙanwarsa ta dawo da shi yana riƙe da ledar ƙosai, yana miƙa wa kowa. Duk wannan bugun kai, ciwo yake faɗa da harshen da yake da shi.

Haka nake so ki kalli fitar Auta. Ki tambayi waɗanda suka tsinto shi, ina ya nufa? Duk sau biyun hanya ɗaya ya bi? Ko hanyar da Inna ke aikensa sayen gishiri ce, ko gidan wata ƙawarta da suke zuwa tare, ko hanyar da ya ga an bi da makara? Sannan ki tambayi kanki, akwai wanda ya zaunar da shi ya gaya masa Inna ta rasu? Mun saba ranar rasuwa a janye irinsu gefe, a ce ba su san komai ba. Sun sani. Abin da ba su sani ba shi ne ina aka kai ta da kuma yaushe za ta dawo, shi ya sa suke nema. A samu namiji da yake jin daɗinsa ya kai shi maƙabarta, ya nuna masa, su yi addu'a tare. A maimaita masa da kalmomi masu sauƙi duk lokacin da ya tambaya, ko sau nawa ne. In akwai zanen Inna ko carbinta ko kwanon da take zuba masa fura, a ba shi ya ajiye. Ta yiwu kuma ba komai yake nema ba illa iska da mutane. Wanda ya saba sallah a jam'i da zama ƙofar gida, aka wayi gari aka rufe shi, da zarar ya ga ƙofa a buɗe ai dole ya miƙe.

Kwaɗon nan kuwa ya fita. Ba na tsammanin Yaya ya sa shi don mugunta, tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili. Mutumin da ba ya iya amsa tambaya in ya faɗa unguwar da ba a san shi ba, a zamanin nan da ake zargin kowane baƙo, ana iya yi masa dukan ɓarawo kafin wani ya gane shi. Ga motoci a titi. Amma ki sa Yaya ya hango ɗaya ɓangaren. Mai farfaɗiya shi kaɗai a ɗaki rufe, in ta tashi ya kifa fuska a katifa ko ya faɗa kan bokiti, wa zai gani? Shagon zaure mai rufin kwano a bazarar Daura, lokacin da zafi ke haura digiri 40, mutum ya sha ƙwayar da ke hana shi neman ruwa? In wuta ta tashi da dare, makullin yana aljihun wa? Igiya kuma tana cin fata, ƙafa ta kumbura, gyambo ya shiga, kuma tana koya wa mutum cewa na gidansu abin tsoro ne.

Abin da ke maye gurbin kwaɗo shi ne ido da rakiya. A mayar da shi cikin gida inda ake ganinsa, a gyara ƙyauren waje yadda za a ji in an buɗe. A ba shi fita ta kullum a kan lokaci, masallaci da rana, zagaye bayan la'asar, tare da mutum. A ɗinka masa lambar waya a cikin aljihun kowace riga. A bi unguwa a gaya wa liman da mai shayi da mai kanti da 'yan acaɓan bakin layi cewa in sun gan shi shi kaɗai su zaunar da shi su kira. Daura gari ne da aka san juna, wannan arziki ne da ba kowa ke da shi ba. A rufe rijiya da murfi mai nauyi, a nesanta shi da murhu da tafasasshen ruwa, kada a bar shi ya kulle kansa a makewayi. Kowa a gidan har yara su san abin yi in ya faɗi: a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, in jijjigar ta lafa a juya shi ta gefe. Ba a cusa cokali a baki, ba a ɗura ruwa, ba a danne shi. In ta wuce minti 5 ko ta sake tashi bai farfaɗo ba, sai asibiti. Ki kuma gaya wa matar Yaya a fili cewa ba a ɗaukar farfaɗiya ta miyau ko ta kwano. Ban yi mamaki ba in wannan tsoron na cikin abin da ya fitar da Auta zaure.

Gidan mari kuwa a'a. Kawu ɗan Daura ne, ya san abin da aka gani a watan Oktoba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka shiga wani irin gidan a cikin garin suka fito da mutane da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, makonni kaɗan bayan an ga irin haka a Rigasa ta Kaduna. Waɗancan ma masu baki ne da za su iya ba da labari. Auta in an cuce shi, wa zai gaya wa?

Maganar aure ba zan daɗe a kanta ba. Akwai masu irin lalurarsa da suka yi aure suka zauna lafiya, saboda sun fahimci abin da ake nufi, suna so, matar ma ta sani ta yarda. Amma a ɗauko 'yar talakawa a ɓoye mata gaskiya don a samu mai jinya kyauta, an zalunci mutum biyu ke nan. A ajiye wannan zancen tukuna.

Yanzu ga zumunci. Zan gaya miki abin da ƙila ba za ki so ji ba: maganar da suka yi miki akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ke kina zuwa ƙarshen wata ki ga abin da ya tayar miki da hankali ki koma. Matar Yaya ita ke kwana da shi ta tashi da shi, ga 'ya'ya 5, ga girki, ga surukar da ta san sirrin komai ta tafi ba ta bar mata ko takarda ba. Inna ta san wane kuka ne na yunwa, wane ne na ciwon ciki, ta san da wace kalma ake sa shi ya yi wanka. Ilimin shekara 30 ne aka binne rana ɗaya, aka miƙa wa baiwar Allah nauyin ba tare da an tambaye ta ba. Kuma a addini da al'ada ba ma ita ya kamata ta riƙa shiga hurumin tsiraicin ƙanen mijinta ba. Saboda haka in kin je, ki fara shiga ɗakinta. Ki gode mata, ki tambaye ta me ya fi ba ta wuya. Ki saurara har ta gama ko da ta faɗi abin da zai sosa miki rai. In kika samu ta zama taki, rabin aikin ya ƙare.

Shi Yaya kada ki tunkare shi gaban matarsa ko gaban yara, kuma kada ki fara da kuɗi. Ki fara da abin da za ki ɗauka. Ki ce Yaya, asibiti ni zan kai shi, maganin wata-wata ni zan riƙa bibiya, hutun makaranta in Malam ya amince zan ɗauke shi ya yi mako 2 wurina ku huta. Tsakanin Katsina da Daura tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce, Asabar biyu a wata ba za ta gagare ki ba. Wanda ya zo da hannunsa a cikin aiki ba a ce masa mai ba da umarni.

Bayan nan sai a zauna da sauran 'yan'uwa da wani babba da Yaya ke jin nauyinsa, a kawo zancen gona da shago. Allah ya riga ya yanke wannan a Suratun Nisa'i, aya ta 5, inda ya hana a damƙa dukiya ga wanda ba zai iya sarrafa ta ba, sannan ya ce a ciyar da su daga cikinta, a tufatar da su, a kuma faɗa musu magana ta alheri. Riƙon da Yaya ke yi halal ne, amma riƙon amana ne, ba mallaka ba. Kuɗin hayar shago da amfanin gona na Auta ne, a kansa za su ƙare: abinci, magani, sutura, da ladan mai kula da shi. A sayi littafi a riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Ki nuna wa Yaya cewa littafin kariya ce gare shi, don gobe kada wani ya ce ya ci. Ni a ganina har matar Yaya a yanka mata wani abu a ciki bisa yardar kowa, domin aiki take yi.

Almajirin nan yaro ne, shi ma kula yake buƙata. Ba zai iya riƙe ƙato in ya faɗi ba, ba zai iya ƙin bin umarnin a ɗaure ba, gobe kuma malaminsu na iya tashi da su. A nemi babban mutum namiji, ɗan unguwa wanda aka san gidansu, ta hannun liman ko mai unguwa. Kafin a ɗauke shi a bar su su yini tare kina kallo. Ki lura, yana yi wa Auta magana ko a kansa yake magana? Yana jira ya gama tauna ko tura masa yake? In zai taimaka masa da wanka yana sakaya ƙofa? A gaya masa sharuɗɗa tun ranar farko gaban shaida: ba duka, ba ɗauri, ba kulle, ba wani magani sai wanda likita ya rubuta, ba fita da shi bara, ba ɗaukarsa a waya ana dariya. A biya shi a kan lokaci, a ba shi ranar hutu, don gajiyayyen mai jinya shi ne ke fara ɗaga hannu. A ajiye wani littafin a ɗakin, kowace rana a rubuta ya ci, ya sha magani, ya yi bayan gida, ya faɗi ko bai faɗi ba. Kada ki raina zancen bayan gida. Taurin ciki na wahalar da irinsu ƙwarai, kuma yana cikin abubuwan da ke sa su rikice ba a gane ba.

Ko an samu mutumin kirki, ki riƙa zuwa ba tare da sanarwa ba, wani lokaci da safe, wani lokaci da azahar. Ki sa ɗan'uwa namiji ya riƙa duba jikinsa, baya da cinyoyi da ƙafafu. Ki kula in ya fara noƙewa ko ɓuya idan wani mutum ya shigo, ko ya fara fitsarin kwance alhali da ba ya yi, ko ya ƙi a taɓa shi. Akwai marasa tsoron Allah da ke neman irin su Auta da lalata don sun san ba za su iya faɗa ba, kuma maza ma ba su tsira ba. Ba na son faɗar wannan, amma gara ki ji daga gare ni.

In kin bi duk hanyoyin nan aka ƙi, aka ci gaba da ɗauri da ƙwaya, to kina da inda za ki. Mai unguwa da hakimi suna sasanta irin wannan. Kotun shari'ar Musulunci tana da ikon duba riƙon dukiyar wanda ba ya iya riƙe wa kansa, har ta sauya mai riƙon in ta ga cuta. Akwai kuma dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci ta 2018, wadda marigayi Muhammadu Buhari, ɗan garinku, ya sa wa hannu a Janairun 2019, ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa. Ina fata ba za a kai nan ba, kuma ban ga alamar za a kai ba. Amma in aka zo zaɓi tsakanin fushin Yaya da ran Auta, fushi yana hucewa.

Abu ɗaya ya rage, kuma shi aka fi mantawa. A duk wasiƙarki na ji ra'ayin Yaya da na Kawu da na Gwaggo, ban ji na mai ɗakin ba. Imam Muslim ya ruwaito daga Anas cewa wata mata mai rauni a hankalinta ta ce wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, tana da buƙata wurinsa. Bai aike ta wurin wani ba. Ya ce ta zaɓi duk hanyar da take so, ya tsaya da ita a can har ta gama faɗin buƙatarta. Ranar Asabar in kin isa, bayan kin gaisa da mutanen gida, ki karɓi makullin da kanki. Ki shimfiɗa tabarma a inuwa, ki dama masa fura a kwanon Inna, ki zaunar da shi sosai kafin ya sha saboda shaƙewa. Kada ki jero masa tambayoyi. Ɗaya bayan ɗaya, ki jira amsa ko za ta ɗauki lokaci: ina ke maka ciwo, nuna mini. Ina kake son kwana. Wa kake so ya raka ka masallaci. Abin da ya faɗa ko ya nuna da hannu, ki rubuta shi a shafin farko na littafin da za a ajiye a ɗakinsa, ki tafi da shi wurin likita ranar Litinin.